In za ku yi fim ɗin mai rikiɗa kura, kada ku sa masa tabo

Yau maganar fim na zo da ita. Na san wani zai ce ga tsadar hatsi, ga hanya ta lalace, shi kuma fim ya dame shi. Ku yi haƙuri ku saurara har ƙarshe, maganar tana da ƙaya.

Daren Juma'ar da ta wuce na biya fadar ƙannenmu, na tarar an ɗora shayi na biyu, an jingina waya a jikin buta, mutum takwas sun haɗa kai. Fim ɗin Turawa ne da anka fassara da Hausa. Wata ya cika, wani Bature ya faɗi ƙasa yana ihu, ƙashinsa na ƙara, gashi na tsiro masa, kafin ka ce kwabo ya zama dabba. Da fim ya ƙare sai ɗan yayata, wanda ke ɗaukar ƴan wasannin barkwanci da waya yana sawa a TikTok, ya ce: "Kawu, mu ma za mu yi namu. Amma namu kura za ya zama." Na ji daɗi ƙwarai. Na ce to wa za ya zama kurar? Ya ce: "Wata tsohuwa za mu sa, mai ɗingishi, mai jan ido, wadda ke zaune ita ɗai a bakin gari. Da an gan ta an san ita ce."

Wallahi shayin nan bai ƙara yi mini daɗi ba. Ban ce masa komi ba a gaban abokansa. Ga amsata nan, gare shi da duk wani yaro da ke riƙe da waya yana mafarkin zama darakta.

Mu fara da nasu, don mu san abin da muke kwaikwayo. Turawa suna da mai rikiɗarsu tun da daɗewa, Faransawa na ce masa lugaru. Dabbar da yake komawa kyarkecin ƙasashen sanyi ne, wanda babu shi a Adar. Dokokin da yaranmu sunka haddace, cewa cizo ke sa mutum ya kamu, cikar wata ke tada abin, azurfa ke kashe shi, masu fim na Amurka ne sunka tattara su sunka baza wa duniya, musamman da Werewolf of London na 1935 da The Wolf Man na 1941. A 1981 kuma anka yi An American Werewolf in London, inda wani gwanin kwalliya mai suna Rick Baker ya nuna rikiɗar a cikin haske, hannu na tsawo, baki na fitowa, har ya ci kyautar Oska. Tun daga nan kowa ke gasar wa ya fi nuna ƙashi na karyewa.

Mutanen Indiya fa? Su ma sun taɓa wannan a 2022 da fim ɗin Bhediya. Amma abin da sunka ci kasuwa da shi har cikin ɗakunan uwayenmu macijiyarsu ce: Nagin na 1976, da Nagina na 1986 wanda Sridevi ta fito a ciki. Sun ɗauki dabbar da kakanninsu ke ba da labarinta, sunka yi mata fim, duniya ta kalla. Don haka ɗan yayata ya yi daidai da ya zaɓi kura. Sai dai zaɓen dabba shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Kura uku gare mu, kuma bai kamata a zuba su tukunya ɗaya ba.

Ta farko kurar tatsuniya: ga kwaɗayi, ga tsoro, ga wauta, kullum Gizo na yi mata wayo. Wannan ta dariya ce, ita ce wadda in tana maganin zawo da ta yi wa kanta. Mai son yin fim ɗinta yana da malami a nan jiharmu. Marigayi Mustafa Alasan, wanda anka haifa a 1942 ya rasu a 2015, a Tawa ya zauna shekaru da dama, a can yake da otal da wurin aikinsa. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, ya zana kwaɗi ya mai da su shugaba da ministoci. Daga baya ya ɗinka ƴan tsana ya sa su kokowa a fim ɗin Kokoa. Da takarda da tsumma da haƙuri ya yi aikin da ake nunawa a Turai da Amurka har yau. Yaranmu da yawa sun san sunan kowane ɗan wasan Indiya, ba su taɓa jin nasa ba.

Ta biyu rikiɗar jarumi. Mahalbi da ya shiga daji ya ɓace wa ɓauna, mayaƙi mai layar zana, duk mun ji irin waɗannan. Sarauniyar Lugu, wadda ta tari sojojin Bule da Shanuwan a 1899, labarin baka na cewa damisa take komawa. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A nan rikiɗa kirari ce. Mutane ne ke faɗin ƙarfin wanda sunka ga ya yi abin da ya fi ƙarfin mutum.

Ta uku ita ce kurar dare, wadda ake cewa da rana maƙwabcinka ce. Ita ɗan yayata ke nufi, ita ce kuma mai haɗarin.

To yaya ya kamata a nuna ta?

Na farko, ku manta da rabin mutum rabin dabba. Ku tuna duk labarin da kunka ji daga bakin tsofaffi: akwai wanda ya taɓa ce muku ya ga mutum da kan kura yana tafiya da ƙafa biyu cikin yagaggen wando? Wannan siffar ta Turawa ce. A namu labarin ko dai cikakken mutum ko cikakkiyar kura. Abin da ke tsakaninsu sawu ne. An bi sawun kura daga garke, an bi, an bi, da anka zo bakin gari sai sawun ya koma na mutum. Shi ke nan. Wannan ɗan guntun labari ya hana yara nawa fita fitsari da dare? To ga fim ɗinku nan. Rairayin korama da sassafe, kamara na bin sawu a hankali. Riga a ninke da takalmi a gindin gawo, babu mai su. Jaki ya toge ya ƙi gaba. Karnukan gari sun yi ta haushi, sai kuma sunka yi tsit gaba ɗaya. Duk wannan wayar hannu na iya ɗauka, ba ya cin ko jika guda.

Kada ku ce talauci ne ya sa na faɗi haka. A 1942 wani darakta ɗan asalin Faransa, Jacques Tourneur, ya yi fim a Amurka mai suna Cat People, labarin matar da ke tsoron tana komawa damisa. Kuɗinsu kaɗan ne, sai sunka yi aiki da inuwa da motsin ganye da ƙarar takalmi a hanya. Da ƙyar ake ganin dabbar. Shekara fiye da 80 ke nan ana koyar da fim ɗin. Ku kuwa in kunka sayo fuskar roba a kasuwa kunka ɗaura wa abokinku, kunka shafa masa jan galura a baki, rantsuwa ba kaffara dariya za a yi.

Na biyu, kunne ya riga ido. Wanda ya taɓa kwana a tunga zamanin da kura ke da yawa zai gaya maka ba ganinta ke kashe jiki ba, kukanta ne, wanda ke farawa ƙasa-ƙasa ya hau sama, da wannan dariyar tata daga bayan dutsi. Duwatsun Adar kuwa sun iya mai da murya. Ku kashe ƙarfinku wajen sauti. In kuma dole sai an nuna ta, a nuna ta daidai: gaba a sama, baya a ƙasa, wuya mai kauri, tafiya kamar mai ɗingishi. Kada a shafa wa kare toka a ce kura ce. Kada kuma a ɗauko ta gardawa da takunkumi da sarƙa a riƙa jan ta gaban kamara. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, an daɗe ana yi, ba sai kun ƙara ba. Ga kuma haɗarin yara da za su taru kallo.

Na uku, ku bar wata ya huta. Wurin Bature cikar wata lokacin tsoro ne. Mu nan farin wata lokacin dandali ne, ƴan mata na gaɗa, samari na langa, tsofaffi na hira a tabarma. Kurarmu sai wata ya faɗi, gari ya yi baƙi ƙirin. Haka zancen cizo: ba a cikin labarinmu yake ba, ku bar musu abinsu. A garin nan in kare ya ciji yaro, abin tsoro haukan kare ne, maganinsa a wanke wurin da ruwa da sabulu a garzaya gidan likita, ba a jira a ga abin da zai zama ba.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ta hana ni barci ranar Juma'a.

Kun tuna tatsuniyar yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo? Samarin gari sunka zo, wannan yana da shaushawa, wannan ƙaya ta taɓa yankarsa, wannan lauje ya sare shi, duk ta kore su. Rannan sai ga baƙo, kyakkyawa, jiki sumul kamar ƙwai, ko ƙwarzane babu. Ta ce shi take so. Sai da sunka yi nisa cikin daji ta gane abin da ta aura. A wani gari a ce maciji ne, a wani a ce dodo, a wani a ce kura. Ku duba hikimar kakanninmu da kyau. A tatsuniyar nan masu tabo su ne mutane. Wanda ba ya da aibi ko ɗaya shi ne dabbar. Duk ɗan Adam da ya yi noma, ya yi kiwo, ya sha ciwo, jikinsa na ɗauke da shaida. Hausawa ba su ce kura da fatar kura ba, kura da fatar akuya sunka ce.

Ɗan yayata ya juya tatsuniyar a kife bai sani ba. Ya ɗauki ɗingishi da jan ido da tsufa da kaɗaici ya mai da su alamar mugu. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Tun da anka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a Kano a 1990, sau nawa munka ga mayya a fim ta fito matashiya mai mota? Kusan kullum tsohuwa ce, matalauciya, mai haƙori ɗaya. Yaro ya kalli wannan sau ɗari, sannan ya fita ya gamu da irin tsohuwar a bakin rijiya.

Bari in ba ku abin da na gani da idona ina yaro, a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Akwai wata gwauruwa, wuta ta ƙone mata ƙafa tun tana ƙarama, da ɗingishinta ta girma. Fura take saidawa. Wata shekara anka yi ta rasa awaki. Wani mutum ya ce ya yi kwanto da dare, ya jefi kura da sanda ya same ta a ƙafa. Da safe matar ta fito da ƙwaryar furarta tana ɗingishi, irin wanda ta shekara arba'in tana yi. Wani ya kalli wani. Babu wanda ya buge ta, babu wanda ya kai ta gaban maigari. Kawai fura ta daina ƙarewa. Uwaye sunka riƙa kiran ɗiyansu in sun nufi ƙofarta. Ɗiyarta da anka sa wa rana, dangin mijin sunka aiko a mai da musu kayansu, babu dalili. Ni kaina na gudu da na hango ta a hanyar gona, har yau ina jin kunyar wannan gudun. Matar ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Sunan bai mutu ba. Jikokinta na nan, suna da waya, wataƙila suna cikin masu sauraren wannan magana.

Ba mu kaɗai ba ne. A 1589, a garin Bedburg na ƙasar Jamus, anka kama wani manomi mai suna Peter Stumpp, anka gana masa azaba har ya amsa cewa yana komawa kyarkeci, anka kashe shi, anka haɗa da ɗiyarsa. Ana ba da labarin cewa dungu gare shi, sai anka ce ai ƙafar da anka sare wa kyarkecin ce. Kun ji? Sandar da ta sami furar ƙauyenmu ce, ta canza gari kawai. A ƙasar Habasha kuma maƙera da masu ginin tukwane da Yahudawan ƙasar anka daɗe ana zargi da komawa kura, ana ce musu buda, ana ƙin haɗa aure da su. Kullum zargin kan faɗa kan wanda ba ya da mai tsaya masa. Ban taɓa jin an ce mai kuɗin gari na rikiɗa ba, ko da kuwa shi ya cinye gonakin marayu.

Tunda na ambaci maƙera: a shekarun 1960 wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna a Adar, ta ɗauki maƙeranmu a fim suna narka tama suna fid da ƙarfe. Baƙuwa ta zo ta nuna su a matsayin gwanaye. Abin kunya ne a ce ɗan gida ya ɗauki kamara ya nuna maƙeri, ko mahauci, ko Bafillatanin da ke rugga, ko Buzun da ya sauka bayan gari, a matsayin wanda ke cin awakin mutane da dare.

Kuma kada mu yi kamar zancen kura daban, zancen maita daban. Hanya ɗaya suke bi. Kowa ya san lokacin da irin wannan magana ke tashi: ƙarshen damina, sauro ya yi yawa, masassara ta kama yaro, yana fizge-fizge yana sambatu, sai ya ambaci sunan wata. Nan take a ce an kama kurwarsa, a jawo matar a ce ta tsallake shi. Awannin da ya kamata a yi a gidan likita sai a yi su a tsakar gida ana tsallake-tsallake. A rasa yaro, a kuma ɓata wata baiwar Allah da zuriyarta. Fim ɗin da ya koya wa mutane yadda ake "gane" mai rikiɗa, wannan wutar yake ƙara wa kara.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce: "Haba malam, wasa ne fa, mi ya yi zahi?" Wasa ne ga wanda ya ɗauka. Bidiyon minti biyar da kunka ɗauka a Garhanga, kafin la'asar ya kai Abijan ya dawo. In tsohuwar fim ɗinku ta yi kama da wata ta gaske, ko kunka ɗauka a ƙofar gidan da kowa ya sani, gobe yara za su bi ta suna kukan kura. Ku za ku samu masu bibiya, ita ta samu jifa.

Wani kuma zai ce a bar irin waɗannan finafinai ɗungurungum, camfi ne. Ina girmama wannan ra'ayi, ni ma ban yarda ɗan Adam na zama kura ba. Amma hanawa ba za ta yi aiki ba, yaran na kallon na Turawa da na Indiya kowane dare. Kakanninmu ma da sunka yi tatsuniya sun san ƙarya ce, shi ya sa suke rufe ta da ƙurunƙus. Abin da malamanmu ke yi mana wa'azi a kai shi ne mummunan zato da ƙazafi, kuma fim mai kyau na iya taya su wannan aiki fiye da yadda ake tsammani.

Ga shawarata, kyauta, ɗana. Ka bar tsohuwarka a cikin fim, da ɗingishinta da jan idonta. Ka bar gari duka ya zarge ta, ka bar mai kallo ma ya zarge ta. Ka nuna furar da ba ta ƙarewa, ka nuna kayan auren da anka mayar. A kore ta daga gari. Sannan, daren da ta tafi, akuya ta sake ɓacewa. Ka bi sawun da kamararka a hankali, daga garke, ta korama, har ya koma sawun takalmi mai tsada, ya shiga gidan mutumin da ya fi kowa ɗaga murya ranar da anka kore ta, mai farar riga, mai jiki sumul, wanda ke fara gaida kowa da safe. Ko ya rikiɗa ne, ko ɓarawo ne kawai da ke kai awaki kasuwa da asuba, kada ka faɗa. Ka bar fada-fada su yi ta gardama har shayi na uku. Wanda ya kalli wannan fim zai ji tsoro, kuma gobe in ya ji an nuna wata da baki, zai ɗan tsaya tukuna.

In ka yi shi haka, ni zan ara maka awakina biyu da fitilata, in kuma roƙi gwaggonka ta fito a tsohuwar, don ta fi ku iya wasa duka.

Jama'a, wannan ra'ayina ne, kuma na san akwai waɗanda sunka fi ni sanin labaran nan. Dattawanmu da ke saurare, ku gaya mana yadda kunka ji su a garuruwanku, amma don Allah kada a ambaci sunan kowa ko gidan kowa. Allah ya tsare mu da zargin bayinsa, ya ba yaranmu basira. Sai mun ji daga gare ku.